Yadda Ake Gina Samfurin Jirgin Ruwa Mai Inji Daga Zane

Sanin kowa ne cewa ba a bar yaran ƙasar nan a baya ba wajen ƙere-ƙere. Da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ga yaro yana jan motar kara ko ta langa-langa wadda ya yi da hannunsa ba, wata har da ƙofofi masu buɗewa da ƙafafu na marfin kwalba. To, amma akwai wani mataki na gaba da wannan, wanda ya kamata malaman makarantun sana'a da iyayen yara su sani, shi ne gina samfuri. Samfuri shi ne ƙaramin abu wanda ya yi daidai da babba ta kowace fuska, an rage tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa da ƙima guda, bisa ga zanen da injiniya ya yi. Cikin samfurori kuwa babu mai koya wa mutum kula kamar na jirgin ruwa mai inji. Motar kara ko da ƙafarta ɗaya ta karkace za ta tafi in an ja ta. Ruwa kuwa ba ya karɓar uzuri: in an yi kuskure a awo, ko a nauyi, ko a liƙi, da an saka jirgin zai tona asirin mai shi a gaban kowa.

Wannan sana'a daɗaɗɗiya ce. A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi sun sami ƙananan jiragen ruwa na katako, har da mutum-mutumin matuƙa a cikinsu, a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre kusa da Luksor ta ƙasar Masar, waɗanda suka shekara wajen dubu huɗu a binne. A ƙarni na 17 kuma masu gina jiragen yaƙi na Ingila sukan yi samfurori masu kyan gaske, galibi a kan rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya, watau kashi ɗaya cikin 48. Amma wanda ya mai da abin ya zama ilmi sosai shi ne wani injiniya Baturen Ingila, Wiliyam Furud, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1879. Shi ne ya nuna cewa in an ja ƙaramin samfuri cikin ruwa aka auna yadda ruwan ke tauye shi, ana iya lissafa ƙarfin injin da babban jirgi zai bukata tun ba a sare katako ɗaya ba. Hukumar sojan ruwan Ingila ta ba shi kuɗi ya gina dogon kwarami na gwaji a garin Torki, ya fara aiki da shi a 1872. Har yau kamfanonin gina jirage suna bin wannan hanya.

Ma'auni, Nauyi da Gudu

Abu na farko da mai gini zai duba a jikin zane shi ne ma'aunin ragi. Akan rubuta shi kamar haka, 1:25, ma'ana kowace santimita ɗaya a jikin samfuri tana madadin santimita 25 a jikin babban jirgi. Alal misali, a ɗauki jirgin ja, irin gajerun jiragen nan masu ƙarfi da ke jan manyan jirage suna kai su bakin tasha a Ikko. In tsawonsa mita 20 ne, faɗinsa mita 6, to samfurinsa zai zama santimita 80 a tsawo, 24 a faɗi. Wannan lissafi ba shi da wuya, ɗan aji huɗu ma zai yi shi.

Inda akan yi tuntuɓe shi ne wajen nauyi. Mutane da yawa suna zaton shi ma raba shi za a yi da 25. Ba haka ba ne. Tun da an rage tsawo sau 25, an rage faɗi sau 25, an kuma rage zurfi sau 25, to cikin jirgin ya ragu 25 sau 25 sau 25, watau sau 15,625. Saboda haka in babban jirgin nauyinsa tan 125 ne, watau kilo 125,000, samfurin dole ya zama kilo 8 daidai, da katakonsa, da injinsa, da batirinsa, da fentinsa duka. Dalilin haka tsohon sani ne tun zamanin Arkimidis, masanin nan na Girkawa wanda ya rayu fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa: duk abin da ke yawo a bisa ruwa yakan nutsa ne har ya ture ruwa mai nauyinsa, sa'an nan ya tsaya. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Ashe ke nan ƙwaryar samfurin nan, daga layin ruwa zuwa ƙasa, tana ture lita 8. In nauyinsa ya kasa kilo 8 zai ɗago sama kamar busasshen duma, farfelarsa tana bugun iska. In ya zarce, zai nutsa ƙasa da layinsa, ƙaramar igiyar ruwa ta haye masa. Ya kamata mai gini ya rubuta wannan adadi a bango inda yake aiki, ya riƙa ɗora kowane kaya a sikeli kafin ya sa shi cikin jirgin.

Gudu kuma yana da nasa hukunci, wanda Furud ya gano. Ana neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin, a nan 5 ke nan, domin 5 sau 5 shi ne 25, sai a raba gudun babban jirgi da ita. Jirgin da ke cin kilomita 20 a awa ɗaya, samfurinsa kilomita 4 zai ci, watau tafiyar mutum a ƙasa ba tare da sauri ba. A wannan gudu ne samfurin zai ta da igiyar ruwa a goshinsa mai siffa ɗaya da ta babban. Samari sukan so a sa babban inji jirgi ya yi ta tsala gudu, amma jirgin ja mai gudun kwale-kwalen tsere abin dariya ne ga wanda ya san jirgi, kuma ruwa yakan hau ta bayansa.

Karanta Zane

Zane mai kyau yana nuna jirgi ta fuska uku. Akwai zanen gefe, kamar yadda mai tsaye a bakin gaɓa zai gan shi. Akwai zanen sama, kamar yadda tsuntsu zai hango shi. Na uku shi ne wanda ke rikita sabon shiga, watau zanen yanka. A ƙaddara an ɗauki ƙwaryar jirgi an yayyanka ta a gicciye kamar burodi, aka zana siffar kowane yanki, aka ɗora zanen bisa juna a wuri ɗaya. Da yake dama da hagu na jirgi iri ɗaya ne, rabin kowane yanki kaɗai akan zana. Bisa al'ada yankunan gaba suna hannun dama na layin tsakiya, na baya suna hagu, kuma kowanne yana da lamba wadda ke nuna wurinsa a zanen gefe. Waɗannan yankuna su ne za su zama haƙarƙarin jirgi.

Sai a lura da abu biyu. In an kai zane wurin masu injin kwafi don a ƙara girmansa, lalle a auna shi da rula a tsaye da kuma a kwance bayan ya fito, gama injin yakan ja takarda ta fuska ɗaya fiye da ɗaya. Na biyu, a bincika ko layin yankan yana nuna bayan ƙwarya ne, watau har da kaurin falankin da za a rufe ta da shi. In haka ne, sai a rage kaurin falankin daga kowane haƙarƙari kafin a yanka. Milimita 2 ba kome ba ce a ido, amma in ta ƙaru a kewayen jirgi duka, jirgin ya yi ƙiba, lissafin nauyin da aka yi ya ɓaci.

Katako da Gam

A wannan fanni ƙasar nan ta yi sa'a. Katakon obece, fari mai sauƙin nauyi wanda ke fitowa daga kurmin kudancin Nijeriya da Ghana da Kamaru, yana cikin waɗanda masu gina samfuri a Turai suka daɗe suna nema da kuɗinsu. Ba shi da wuyar yanka, yana lanƙwasuwa, yana kuma kama gam. Ya fi katakon balsa na ƙasar Ekwado ƙarfi, ko da yake balsa ya fi shi rashin nauyi. Don ƙashin baya da haƙarƙari, filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6 ya isa. Don rufe ƙwarya kuwa, sai a sa mai injin tsaga katako ya fitar da siraran falankai na obece, kauri milimita 2, faɗi wajen santimita ɗaya. A tabbata katakon ya bushe sarai. Wanda aka tsaga ɗanye da damina, in hunturu ya busa sai ya tsuke, mahaɗai su buɗe.

Farin gam na kafintoci, in ba irin wanda aka rubuta cewa ruwa ba ya cinsa ba ne, yakan saki in ya jiƙa. Gam mai kwalba biyu wanda ake gaurayawa, irin su Araldite, shi ya fi dacewa da wurin da katako ya haɗu da ƙarfe. Sauran kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin zarto mai siririn baki, wuƙa mai kaifi, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, abin huda, da allurai masu kai don riƙe falanki kafin gam ya kama.

Haɗa Ƙwarya

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka falankai masu kauri bisa siffar jirgi a kowane hawa, a rarake tsakiyarsu, a liƙa su bisa juna, sa'an nan a sassaƙe bayan har ya yi sumul. Wannan tana da ƙarfi, amma tana cin katako. Ɗaya hanyar, wadda ta fi kama da yadda ake gina jirgin gaske, ita ce ta haƙarƙari da falanki, kuma ita ce ta fi koyar da mutum.

Ana samun allo mai kauri wanda ba shi da ko ɗan lanƙwasa, a ja layi a tsakiyarsa, a ja waɗansu a gicciye inda kowane haƙarƙari zai zauna. Ana gina jirgin a kife ne, cikinsa na duban allo. A kafa haƙarƙarin a tsaye cak, a ɗora ƙashin baya a kansu ya shiga tsagar da aka yi masa. A nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokaci. Ya rufe ido ɗaya ya hango ƙashin bayan daga goshi zuwa baya, ya kuma ɗauki siririn falanki ya kwantar da shi a kan haƙarƙarin a wurare dabam dabam. In falankin ya taɓa kowanne ba tare da ya yi tozo ko ya faɗa ba, to aiki ya yi. In wani ya yi tudu a goge shi, in ya yi kwari a ƙara masa ɓallin katako. Sa'an nan a goge bakin haƙarƙarin gaba da na baya a karkace, yadda falanki zai kwanta a kansu sosai, ba a kan kaifi kaɗai ba.

Wajen rufewa akwai doka guda wadda ba a ƙetarewa: in an liƙa falanki ɗaya a dama, sai a liƙa ɗan'uwansa a hagu kafin a ci gaba. Wanda ya gama gefe ɗaya tukuna, falankan za su ja ƙwaryar ta murɗe, kuma murɗaɗɗen jirgi ba ya tafiya sak har abada, kome gyaran da aka yi masa. Inda lanƙwasa ta yi tsanani, kamar a bayan jirgin ja wanda yake zagayayye, sai a jiƙa falanki cikin ruwan zafi, a ɗaure shi a wurin ya bushe, kana a liƙa. Falankai sukan bukaci a fiƙe su wajen goshi, domin can ƙwarya ta fi tsukewa. Falanki biyu ko huɗu a yini sun isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an rufe, a cike ramuka, a goge da samfefa, a shafe ciki da waje da abin da zai hana ruwa shiga katako. Mutane sukan ƙawata waje su manta da ciki, alhali kuwa ruwan da ya kwanta a ciki shi ke ruɓar da jirgi. Fenti shafi uku ko huɗu marasa kauri, ana gogewa a tsakani, ya fi shafi ɗaya mai kauri. A guji yin fenti a fili ran da ƙurar hunturu ta sauka.

Inji da Farfela

Injin lantarki mai aiki da batir shi ya dace da mai farawa. Ba shi da hayaƙi, ba ya zubar da mai a ruwa, kuma yana juyawa gaba da baya. Jirgin ja yana son babbar farfela mai juyawa a hankali, a wannan samfuri kamar mai faɗin santimita 6 ko 7. Ƙananan injuna kuwa yawancinsu suna juyi dubbai a minti ɗaya. In an haɗa irinsu kai tsaye da babbar farfela sai su yi zafi, su shanye batir, wani lokaci su ƙone. Maganin haka shi ne a rage juyin da giya ko da bel, ko kuwa a nemi inji mai juyi a hankali. Injin fankar cikin mota, mai bolt 12, wanda akan samu wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, ya daɗe yana yi wa masu wannan sana'a amfani.

Sandar farfela tana ratsa wani bututu na tagulla wanda ya huda ƙashin baya ya fita waje. Gara a kafa bututun nan tun ba a gama rufe ƙwarya ba, lokacin da hannu ke iya shiga. A cika shi da giris don ya tare ruwa. Babban abin kula shi ne inji da sanda su zama a kan layi ɗaya. In sun saɓa, ko da akwai mahaɗi mai lanƙwasuwa a tsakaninsu, za a ji jirgin yana kaɗawa yana ƙara, rabin ƙarfin batir kuma yana tafiya a banza. Gwajinsa mai sauƙi ne: a murza farfela da yatsa, in ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani, to akwai saura. Filafilin juyi, wanda ke karkata jirgi dama ko hagu, yana zama daidai bayan farfela don ruwan da take turawa ya buge shi. Bututun da sandarsa ke bi lalle bakinsa na ciki ya ɗara layin ruwa tsawo. A kuma sa fis tsakanin batir da inji, domin in ciyawa ko leda ta naɗe farfela ta tsaya, wutar da inji zai ja tana iya narkar da waya ta kama katako.

Sarrafa jirgi daga nesa ba sabon abu ba ne. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ƙaramin jirgin ruwa mai bin umarnin rediyo a birnin Niyok na Amurka. Na'urorin yanzu ƙanana ne, kuma mutane da yawa suna iya sakin jiragensu a tafki ɗaya ba tare da na wani ya shiga na wani ba. Mai hanya biyu ta isa, ɗaya ta inji ɗaya ta filafili. A ɗora akwatin karɓar umarni a sama cikin ƙwarya, nesa da inji da kuma inda ruwa zai taru. Wanda ba shi da halin saye ba a rufe masa ƙofa ba: ya sa makunni, ya ɗan karkata filafili ya ɗaure, jirgin zai yi ta zagaye har ya komo gaɓa.

Gwaji da Daidaita Nauyi

Kafin a ɗora ɗakin matuƙi da sauran kayan ado, a kai ƙwarya cikin babban daro ko kwaramin ruwa, da inji da batir a ciki, a bar ta awa guda a ga ko tana yoyo. Galibi za a tarar ta ɗago sama da layin ruwa, sai a ƙara mata nauyi. Batir mai dalma wanda aka rufe bakinsa yana da amfani biyu a nan, yana ba da wuta yana kuma zama nauyi. Sauran a cike da guntayen ƙarfe ko dalma, ana matsar da su gaba ko baya har layin ruwa ya kwanta daidai ko'ina, sa'an nan a liƙe su da gam. Nauyin da ba a liƙe ba, da jirgi ya karkata zai gangara gefe ya ƙarasa kifar da shi. Game da dalma wajibi ne a yi hattara. Guba ce, musamman ga yara ƙanana, kuma ba a manta da ɗaruruwan yaran da gubarta ta hallaka a Jihar Zamfara a 2010 ba. Kada a fasa tsohon batir don a ciro ta, kada a narka ta a tukunyar abinci ko cikin gida, a kuma wanke hannu bayan an taɓa ta.

Inda aka ajiye nauyi ya fi yawansa muhimmanci. Nauyi ƙasa, sauƙi sama. Ɗakin matuƙi da bututun hayaƙi a yi su da filawud mafi siranta da za a samu. Dalili shi ne an rage jirgi amma ba a rage iska da igiyar ruwa ba. Iska mai gudun kilomita 10 a awa, wadda mutum ba zai damu da ita ba, ga samfurin nan daidai take da mai gudun kilomita 50 ga babban jirgi, igiyar ruwa mai santimita 4 kuma daidai take da mai mita guda. A danna gefen jirgin da yatsa a saki. In ya miƙe nan da nan, madalla. In ya yi jinkiri, kamar yana shawara, to samansa ya yi nauyi.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A 1628 jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa, wanda aka cika samansa da igwa da kayan ado, ya kife ya nutse a tashar Istokholm ran fitarsa ta farko, bai ci kilomita ɗaya da rabi ba. Kafin ranar an gwada shi, aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga gefe zuwa gefe, aka tsai da gwajin bayan zuwa uku don tsoron kada ya kife, amma duk da haka aka sake shi. Sai a 1961 aka tsamo shi. A Ingila kuma sai da Samuyel Filimsol ya yi ta fafutuka kafin majalisa ta yi doka a 1876 cewa a zana layin iyakar lodi a jikin jiragen kasuwanci. Yaron da ya ɗora ƙusoshi kaɗan a kan rufin samfurinsa ya ga yadda ya kife cikin daro, ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da ke faruwa a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji sa'ad da aka danƙara wa kwale-kwale buhuna da babura, mutane kuma suka hau bisa kayan.

Ranar Saki

A zaɓi safiya marar iska da ruwa marar gudu wanda ba shi da ciyawa. Ƙofar da ake sa hannu cikin jirgi a yi mata ɗan dakali a kewaye, tsawon santimita ɗaya ko biyu, wanda ɗakin matuƙi zai zauna a kansa kamar marfin kwano. A cusa guntayen farin soso na kwalin kaya, irin wanda ba ya shan ruwa, a goshi da baya, don ko ruwa ya cika jirgin kada ya tafi ƙasa. A kunna na'urar hannu kafin ta cikin jirgi, wajen kashewa kuma a fara da ta jirgi. Tafiyar farko minti biyar ta isa, kusa da gaɓa, sa'an nan a ɗauko shi a taɓa inji a ji ko ya yi zafi, a duba ko ruwa ya shiga.

In jirgi ya mutu a tsakiyar tafki, kada kowa ya shiga iyo don ya ɗauko shi. Kududdufai da tsofaffin ramukan ɗibar ƙasa suna da zurfin da ido ba ya gani da taɓo mai riƙe ƙafa, kuma ruwan kwance a wurare da yawa na ƙasar nan yana ɗauke da cutar tsargiya. A zo da doguwar igiya mai ƙwallo a bakinta, a jefa ta ƙetaren jirgin a jawo shi a hankali, ko kuwa a koma ɗaya gaɓar a jira iska ta kawo shi. Yara kada su je bakin ruwa sai da babba.

In an komo gida, a cire batir, a tsane ruwan ciki da tsumma, a bar ƙofar a buɗe a inuwa har ƙwarya ta bushe, a kuma ƙara giris a bututun farfela kafin fita ta gaba.